Majvor da Rahoto Mai Lamba 212

Shekara ashirin da shida ofishina yana kallon na Majvor Lindeblad, kuma ban taɓa ganin matar da kirkinta ke sa mutum ciwon kai irinta ba. A cibiyarmu ta bincike da ke bakin teku a Suwidin, ita ce mai kula da ɗakin da ake yanka sandunan makamashin nukiliya bayan sun gama aiki a tashoshin lantarki. Wuni take yi a bayan wani gilashi mai kaurin tsiya, tana juya wasu hannayen ƙarfe masu kama sandunan ta cikin ɗakin, tana duba yadda bututun da ke rufe ƙwayoyin yuraniyom yake tsagewa. A keke take zuwa ko ana zuba ƙanƙara, cikin rigar saƙa ɗaya mai ruwan toka.

Bara aka ce za a rufe ɗaya daga cikin ɗakunan gwajinmu uku, kuma kwamiti zai zo ya ga wanne ne aikinsa ya fi amfanar jama'a. Ni aka ɗora wa rubuta bayanin nata ɗakin. Na buga sunanta a kwamfuta, takardu huɗu kacal suka fito, a shekara talatin. Maƙwabcinmu mai kula da wani ɗakin gwajin kuwa, wanda ko tari ya yi sai ya wallafa, yana da ɗari da tara.

Na tare ta lokacin shan gahawa na ƙarfe uku, na tambaye ta ina sauran ayyukanta. Ta ce ai sauran duk rahotannin sashe ne, lamba ake sa musu, ba suna ba. Na tuna mata an daina wannan tun kafin in yi furfura. Ta ce ta sani, sannan ta turo mini farantin burodin kirfa. Raina ya ɓaci, amma na ci.

Sai na shiga aika wasiƙu zuwa tashoshin lantarki, ina tambaya ko aikinta ya amfane su. Wani injiniya daga Finlan ya amsa cewa bai san wata Majvor ba, amma rahoto mai lamba 212 ya san shi kamar yunwar cikinsa. Rahoton nan, wanda daga ɗakinta ya fito, shi ne ya nuna musu yadda za su riƙa ƙara wa tsofaffin sanduna wuta a hankali don kada bututun ya fashe. Shekara ashirin suna bin sa, kuma a zatonsu wata babbar tawaga ce ta rubuta shi. Tashoshi biyar suka aiko da irin wannan magana.

Matsalar ita ce, kwamitin ba ya ƙirga aiki sai wanda wani ma'aikacin ɗakin ya amsa da bakinsa cewa nasa ne. Kwana uku ina koya wa Majvor kalma ɗaya, wato "ni". Tana gyaɗa kai kamar ta ji.

Ranar zama, shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai suna Ingegerd, ta karanta wasiƙun, ta cire tabarau.

"Majvor, ke kika yi aikin nan?"

"To, muna da yawa a sashen lokacin."

"Na ji. Amma naki ne?"

"Ba zan ce nawa ne ba. Na dai ɗan taɓa."

Na kai mata shuri ta ƙarƙashin tebur, na samu ƙafar teburin. Sau uku Ingegerd tana tambaya, tana buɗe mata ƙofa, sau uku baiwar Allahn nan tana ja da baya. Mu nan ba a son mai yabon kansa, na sani, a ciki na girma. Amma ranar sai da na ji kamar in ɗauke ta in jefa a teku. Bayan mako biyu takarda ta zo, za a rufe ɗakin a ƙarshen bazara.

Na same ta a gaban gilashinta, na ce mata da bakinta ta kashe ɗakin, kuma ma'aikatan ɗakin huɗu za su tarwatse saboda taurin kanta. Ba ta musa ba. Ta saki hannayen ƙarfen ta zauna, ta ba ni labarin wani Folke, ma'aikacin da ya yi shekara shida yana yanka mata sanduna yana gogewa. Shi ya fara ganin tsagar bututun da aka rubuta rahoto 212 a kanta, ya kira ta ya nuna mata. A lokacin ba a sa sunan wanda ba shi da digiri a rahoto, sai ita ma ta cire nata, kuma ba ta sake sawa ba. Folke ya rasu shekara tara da suka wuce.

Ta kira sunana, ta ce, "Torsten, in na ce ni ce, shi fa? Ba ya nan balle ya ce komai."

Na tausaya mata ƙwarai. Amma haushin bai tafi ba.

"To me ya hana ki faɗa wa Ingegerd sunansa? Da kin ce ke da Folke, ai da an gama."

Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"A gaban mutum bakwai? Haba dai. Ai da ya ji kunya."

A watan Yuni aka kwashe sandunan. Ita da kanta ta goge gilashin kafin ta miƙa makulli, ni kuma na tsaya riƙe mata bokiti.