Askin da Baba Sanda Ya Yi Mani

Jama'a, yau aski ya hana Inna kallona.

Mai hoto ya zo daga Maraɗi saboda katin ɗan ƙasa na sabuwar gwamnati. Na ruga wurin Baba Sanda, wanzamin gidanmu, na ce ya yi mani irin na 'yan lakwal. Ya daɗe yana duban fuskata, ya ce, "Wannan goshin, na san askinsa."

Ina fitowa tsofaffin kasuwa suka bi ni da kallo, wani har da salati. Ban gane ba.

A gida Inna ta saki ludayi, ta juya baya.

"Inna, lafiya?"

"Sa hula, ɗan nan. Askin marigayi ubanka ne."

Ni da ban san fuskarsa ba. To, in aske, ko in yi hoton?