Kawu Saja da Kunnen Dorina

Duk wanda ya zauna Illo a shekarun samun 'yancin kai ya san cewa ranar Juma'a, in an sauko daga masallaci, ba a yi wa Kawu Bawa Saja magana. Yana gindin ɗorawa ya kwance bindigarsa gaɓa-gaɓa a kan tabarma, yana shafa mata man kaɗanya. Makfo ce, bindigar soja ta yaƙin Bama, irin wadda ake jan ƙarfenta a mayar kafin kowane harbi. Di'o, Baturen mulki, shi ya bar masa ita don ya tsare mana gonaki daga namun daji. Ku riƙe wannan, domin a nan takaicina yake. Zan kawo abin bi da bi.

Da farko dorina ce ta gano shinkafata a fadama. Shekarar nan gero bai yi ba, shinkafar ce kaɗai abincin gidana. Na je na durƙusa na ce, "Kawu, dorina za ta kashe ni da yunwa."

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Harsashi ba gero ba ne, yaro, ba a shuka shi. Tahi ka buga mata gwangwani."

Na buga gwangwani har hannuna ya kumbura. Wallahi kamar kiɗan cin abinci nake yi mata!

Na biyu, sai ga wani Bafaranshe ya ƙetaro daga Dahome. Zai koma ƙasarsu, yana bin ƙauyuka yana tara tsofaffin bindigogi. Da ya ga ta Kawu sai ya nace yana sonta. Ya ce zai ba da sabuwa mai baki biyu, da harsashi akwati guda. Na matsa kusa na ce, "Kawu, don Allah karɓa, mu huta da dorina."

Kawu ya dubi tafintan da ke tare da Baturen ya ce, "Tambaye shi, mi zai yi da ita?"

"Wai bango zai rataye ta, baƙi su riƙa kallo."

"Bango? Madubi ce? Ce mashi ya ɗauke hannu, zuhwa tai na sa mata tsatsa."

Har ƙofar zaure ya raka Baturen, ba don girmamawa ba, don kada ya waiwayo ya sake kallonta.

Na ukun shi ya fi ci mini rai. Sai da rabin gonar ya tafi, matata ta je ta zube wa Kawu karan shinkafa a gaba, sannan ya tashi. Da sassafe ya fito cikin tsohon kakinsa, rabin gari na biye da shi da wuƙaƙe da kwanduna, kowa ya sa ran nama. Muka tarar da dorinar tana komawa ruwa, can nesa, ɗanta na bayanta.

Kawu ya durƙusa, ya ja ƙarfe, ƙaras! Ya ce, "Kunnen hagu."

Tau! Kunnen hagu kuwa. Ta yi wata kururuwa, ta tasa ɗanta gaba, ta nufi yamma.

Na ce, "Haba Kawu! Ga kai ga ƙirji, sai kunne? Naman fa?"

Ya ce, "Ɗan nata kai za ka ba shi nono? Ta tahi Dahome, su ma su ɗanɗana. Kai kuwa shiga taɓon ga ka nemo min kwanson harsashina."

Na shiga! Ni da gemuna, mutane na dariya, ina laluben taɓo har rana ta take. Da na samo, ya juya shi ya ce na bari ya jiƙe.

Dorinar dai ba ta dawo ba. Abin da ya rage na shinkafar shi ya kai mu kaka, ba wanda ya kwana da yunwa a gidana. Ban taɓa gode masa ba, shi ma bai taɓa nema ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Bawa. Yadda ya tausaya wa abin da ba ya iya roƙonsa, Allah Ya tausaya masa, Ya sa kabarinsa ya yi sanyi. Amin.