Wanda Ya Rufe Injin da Matarsa Ke Jira

Kullum da safe, kafin ya shiga aji, sai ya maƙala ɗan ma'aunin nan a aljihun riga, mai auna tiririn nukiliyar da ya taɓa jikin mutum. Ranar Laraba kuma ya zo gidan rediyonmu, ya zauna gabana yana yi wa jama'a bayanin "hasken da ido ba ya gani", har sunansa ya ɓace, ya koma Malam Haske. Akwai shi da dogon bayani. Sau nawa nake nuna masa agogo, ya yi kamar bai gani ba.

A makon nan ya yi ritaya daga jami'a, shi ya sa zan faɗi abin da ya hana ni faɗa a rediyo.

Shi asibiti ke kira ya auna injin gashin ciwon daji. Wata shekara ya tarar injin yana sakin haske yadda ya ga dama. Babu wani injin sai a gari mai nisa, ga matarsa zaune a bencin jira da katinta a hannu.

Shugaban asibitin ya ja shi gefe. "Malam, bambancin kaɗan ne. Bari maiɗakinka ta gama nata."

"Yau kaɗan ne. Na gobe wa ya sani?"

Ya rufe. Da kansa ya fito ya yi wa masu jira bayani, wani dattijo ya zage shi tas. Matar Malam ta ce, "Baba, yi haƙuri. Ni ma ko gishiri na zuba sai ya tambayi awo."

Gyara ya ci watanni. Zirga-zirga zuwa garin nan mai nisa ta gajiyar da matarsa, ta rasu injin bai tashi ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Malam, kai ne ka tsare mutanen da ba su san ka tsare su ba. Mun gode, Allah ya saka. Ɗalibansa, in awo ya ce ku rufe, ku rufe.

Bayan an gyara injin, wata mata ta bugo waya cikin shirinmu tana tsoron kai mijinta a yi masa gashi. Ya ce, "Kai shi, 'yata. Ni na auna da hannuna." Ya shiga yi mata bayani dalla-dalla. Lokaci ya wuce. Ranar ban nuna masa agogo ba.