Ruwan Nama a Bakin Ƙofata

Tun da 'yata ta fara rarrafe hankalina bai kwanta ba, don duk abin da hannunta ya taɓa sai ya je baki. Gidan haya muke a unguwar Birikiteri, ɗaki goma, kwata ɗaya.

Lokacin kiriz ne, wato matsin tattalin arziki, an sallami maigidana daga aiki, sai ya tare wajen rediyonsa. Ba ta jin labarai ba ce, irin wadda ake kamo muryar mutane suna hira da juna daga wata ƙasa. Ya ja waya daga rufi zuwa bishiyar mangwaro, amma ba abin da ke fitowa sai shuuu. Wani tsoho mai gyaran rediyo a unguwar Messa ya ce masa sai ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ɗaura masa waya. Ya ce kuma jar ƙasarmu da rani ba ta da amfani, duk ɓaraguzan bulo ce, tana son gishiri da danshi.

Daidai bakin ƙofata maigidana ya kafa ƙarfen, wai wayar ba tsawo. Na hana shi gishirin miyata. Sai ya shirya da mai tsiren bakin layi, kullum da hantsi ya ɗauko bokitin ruwan wankin nama, jini da kitse, ya juye a gindin ƙarfen. Wai jini ma gishiri ne.

Kwana uku wurin ya ɗau ɗoyi, korayen ƙudaje suka cika shi. Na yi magana, ya ce warin kwata ne, kuma yau ya ji wani daga Brazil tar. Maƙwabciyata ta toshe hanci ta ce, "Ƙanwata, mijin nan naki rediyo yake kiwo ko tsutsa?"

Wata rana na juya in sauke tukunya, ina waigowa na ga yarinyar zaune cikin caɓin, bakinta baƙi ƙirin, tsutsa na motsi a tafin hannunta. Na sa yatsa na ƙwaƙulo abin da ke bakinta. Kwana biyu tana gudawa, sai da aka ƙara mata ruwa a asibiti.

Da muka dawo na ɗauki taɓarya na yi ta dukan ƙarfen har ya tumɓuke, na ajiye masa kan tabarmarsa da ƙazantarsa.

Ya ce, "Haba maman yarinya, ai da sai ki faɗa mini."

Na ce, "Sau nawa, Malam?"

Don Allah, in kai ma kana da wannan sha'awar, ka kafa ƙarfenka nesa da inda yara ke wasa, ka sayi gishirinka, ka zuba ruwa mai tsabta.