Rabi ta tafi, cigiyar taguwar Agali tana nan a buɗe

Da safiyar nan aka kira ni daga Maradi, aka ce Rabi ta rasu a asibiti.

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma.

Ban yi niyyar rubuta komai ba. Amma na buɗe waya na tarar da furanni da ƴan fuskoki masu hawaye daga mutanen da a gabana suka yi mata dariya. Wani ya rubuta "gwarzuwarmu", alhali shi ne bara ya miƙe a taro ya ce aikinta ya tsufa, a sallame ta. Tunda ba ku san wadda kuke yi wa kukan ba, bari in gaya muku.

Rabi ɗalibata ce. Na koyar da ita a ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, nan Dakoro, inda ake kiran malami Mushe. Ta tafi Yamai ta yi karatun ordinata, wato na'urar kwamfuta, ta dawo gida, ta gina wa ƙungiyar makiyaya shafin cigiya a intanet. Wanda saniyarsa ko raƙuminsa ya ɓace, sai a rubuta kamannin dabbar, da shaidar wuta da ke jikinta, da rijiyar da aka yi mata ganin ƙarshe, da lambar mai ita.

Da na aje alli, na je shagonta na ce ta koya mini aikin shafin. Masu zaman banza a bakin ƙofa suka yi ta ƙyafta wa juna ido. Ita kuwa ta jawo mini kujera. Da ta lura ina kai fuskata kusa da gilashin na'urar, sai ta ƙara girman baƙaƙen, ba ta ce uffan game da idanuna ba.

Ban manta wannan ba.

Harshen da take rubuta shafin da shi XHTML ake kiransa. Dokarsa mai tsanani ce. Duk abin da ka buɗe, sai ka rufe shi. Kowane abu yana zaune a mazauninsa, ba ya haye na kusa da shi. Ka yi kuskure guda, shafin ya ƙi buɗewa gaba ɗaya, ya nuna maka layin da ka yi ɓarnar.

Ranar farko ta ce da ni: "Mushe, halinku ɗaya da shi. Ba ya ba da rabin maki."

Ta sani sarai duniya ta bar wannan harshe, an koma wanda ke haɗiye kowane irin shirme ya yi shiru. Ba ta damu ba. Shafinta ba kiɗa, ba ado, ba nauyi. Yana buɗewa a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, a bakin rijiya can arewa da Azagor, inda rezon waya, wato sabis, ke zuwa ya ɓace. Kuma yadda take rufe kowane layi, haka take rufe kowace cigiya. Ba ta sauke sanarwa sai mai dabba ya ce an gani, ko ya ce da bakinsa ya haƙura. In ya yi shiru, ita za ta neme shi ranar kasuwa.

Makiyaya suna kawo mata cuku don godiya. Rabinsa a gidana yake ƙarewa, wai haƙorana sun fi nata buƙatar aiki.

Sai shugaban ƙungiya, wanda ba zan ambaci sunansa ba don ya san kansa, ya ɗauko wani masani daga Yamai, mai takalmi mai tsini, aka yi sabon shafi. Na gan shi. Hoton shugaba ne ke fara fitowa da babbar riga, yana juyawa a hankali, da kiɗa a bayansa. Kafin a kai ga saniya ko ɗaya, cajin waya ya ƙare. Da ka wuce Birnin Lalle ba ya buɗewa sam. Da aka yi ƙorafi, sai suka ce makiyaya su riƙa tura cigiya a zauren hira na waya, inda sanarwar mutum ke nutsewa ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da bidiyon akuya mai rawa.

Wannan suke kira ci gaba.

Ganina da ita na ƙarshe ranar kasuwa ne, kafin a tafi da ita Maradi. Ta rame ƙwarai. Agali, wani dattijo daga Azagor, yana zaune a ƙasa ya naɗe ƙafa, taguwarsa ta ɓace, wadda jikokinsa ke shan nononta. Rabi ta turo mini na'urar ta ce in rubuta cigiyar da kaina a tsohon shafinta. Na rubuta a natse, na duba, na sake dubawa. Shafin ya ƙi buɗewa. Ashe na bar layi guda ban rufe ba.

"Mushe, zero," in ji ta. "Fita ka durƙusa a rana."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Agali bai san abin da ake yi wa dariya ba, amma ya taya mu. Da na gyara, sai ta gaya mini kalmar sirrin shafin, ta sa na maimaita har ta zauna.

"Ka riƙe mini kafin in dawo. Kada ka ba mai son hotonsa."

Ɗazu na je gidan su Rabi gaisuwa. Ban gama shafa addu'a ba, shugaba ya ja hannun rigata zuwa gefen zaure.

"Mushe, sai haƙuri. Af, an ce mabuɗin tsohon shafin nan na wurinka?"

"Yana wurina, Alhaji."

"To ka kawo mini shi biro gobe, ofishin ƙungiya, a rufe shi kowa ya huta. Mutumin Yamai na jira."

"Alhaji, motar da ta ɗauko gawarta ko Kornaka ba ta iso ba."

"Ai rai ya yi halinsa, Mushe. Aiki ba ya tsayawa."

Ban amsa masa a can ba, domin gidan makoki ne, kuma ni an yi mini tarbiyya. Ga amsar a nan, inda kowa zai karanta. Alhaji, shafin da sunan Rabi yake, kuma ni ta ba amana. Ba zan kawo ba. Ka ci gaba da juyawa a naka. Wannan zai zauna yadda ta bar shi, kuma duk mai cigiya ya same ni a shagonta ranar kasuwa. Hannuna ba sauri, amma zan rubuta daidai.

Taguwar Agali fara ce, tana da ciki, da shaidar wuta a wuyanta na hagu da tsaga a kunnen dama. Mutanen Ɗan Gulbi da Birnin Lalle, ku duba cikin garkunan da ke ratsa ku. Lambarsa tana shafin. Ranar da aka gan ta, ni zan rufe cigiyar da hannuna, kuma ba zan ci zero ba.

Ya Allah, Rabi ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka saka mata da alheri a kan kowace dabba da ta koma ga mai ita ta dalilinta. Ka ba mahaifiyarta da ƴaƴanta haƙuri.

Ku da kuka karanta, ina roƙonku ku yi mata addu'a. Ku aje wayar, ku ɗaga hannuwanku na gaske, ku ambaci sunanta.