Na Janye Ƙarata Ina Zaton Ajiye Ta Na Yi

A lokacin da abin nan ya faru ni tsohon soja ne, an sallame ni bayan bam ya tashi da motarmu a daji. Na dawo gida Wudil da ƙafar hagu da ba ta lanƙwasuwa, kunne ɗaya kuma ya mutu. Likitocin da suka duba ni suka ce raunina ƙarami ne, aka yanka min haƙƙi kamar na wanda ya yi targaɗe a filin ƙwallo. Raina ya ɓaci, na ɗaukaka ƙara gaban kwamitin da ke sake duba irin wannan hukunci. Har an sa ranar da wasu likitocin za su sake gwada ni.

Ana cikin haka babban ɗana ya nemi aikin ɗamara. Wata Juma'a bayan an tashi daga kara, kasuwar shanun garinmu, sai ga kawuna daga Utai, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Ya zauna a zaure ya ce ba a ɗaukar ɗan mutumin da ke shari'a da gwamnati, in kwantar da maganar har yaron ya shiga, in ya so daga baya na tayar da ita. Ya haɗa ni da Allah da Annabi. Mu a wajenmu haka ake yi: in rikicin gona ya kai gaban dagaci manya suka sa baki, sai a jingine shi har a gama girbi, kuma duk ranar da mai haƙƙi ya waiwayo za a saurare shi. Da wannan tunanin na je ofis na ce na janye. Ma'aikacin ya tambaye ni ko na san abin da hakan ke nufi, ni kuwa na galla masa harara, don a ganina raini ne.

Yaron ko matakin farko bai tsallake ba. A wajen awon tsawo aka cire shi, ba wanda ya tambayi sunan ubansa. Na ja ƙafata na koma ofishin na ce na zo a ci gaba daga inda aka tsaya. Nan aka shaida min babu inda aka tsaya. Da na janye, kwamitin ya kori ƙarar, ba don an duba an ga ba ni da gaskiya ba, sai don ni da bakina na ce ba na so. Hukuncin farko ya zauna daram, wa'adin ɗaukaka ƙara kuma ya wuce. Tunda nake ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har da ranar bam ɗin.

Da na gaya wa kawu, cewa ya yi haka Allah ya ƙaddara, sannan ya tambaye ni yadda gero ya yi bana.

Na rubuto ne don 'yan'uwana da suka dawo da rauni. Ofis ba zauren dagaci ba ne, ba a ba shi ajiyar magana. Kafin ka ce ka janye, tambayi wanda ya san doka ko akwai hanyar dawowa, kuma kada kunyar babba ta sa ka saki haƙƙin jikinka. Har yau ina zuwa Utai gaida kawu, amma a tsaye nake gaishe shi. Mutane na cewa soja ya yi girman kai. Ƙafar da aka ce rauninta ƙarami ne, ita ce ba ta durƙusawa.