Ma'aunin Zafin Kawu Sale

Duk wanda ya zauna a unguwar Limawa a Dutse ya san Kawu Sale ba ya fita sai da ma'aunin zafi a aljihun gaba, inda mutane ke soke biro. Ka ce masa, "Kawu, yau ana rana," sai ya zaro shi ya ce, "Ka auna?" Kunu ma sai ya tsoma masa shi kafin ya kurɓa. Shekara da shekaru ya yi yana kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare, kuma a wurinsa karatu iri biyu ne a duniya: kimiyya da surutu.

Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, kuma tun ina firamare yake kirana Likita. To ni Likitar nan, ranar da aka shimfiɗe mana kwaɗo a jami'a aka ce mu farke cikinsa, ina ganin zuciyarsa na harbawa sai farkawa na yi a ƙasa ana yayyafa mini ruwa. Sau biyu ana haka. Na lallaɓa na koma sashen nazarin zamantakewa, ban gaya wa kowa ba.

Wallahi shekara uku na yi cikin fargaba. Na san halin Kawu, ya taɓa daina amsa gaisuwar ɗan amininsa don ya bar lissafi ya koma karatun siyasa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya zaunar da ni ya tambayi abin da muka gwada a makon, ni kuma in yi ta ƙage. Farar rigar gwaji har wanke ta nake in shanya a tsakar gida don ya gani. Wata rana ya shinshina ta ya ce, "Wannan rigar ba ta taɓa ganin sinadari ba, sai sabulu."

Asirina ya tonu da Kawu ya tsinci takardun tambayoyin da zan kai wata ruga a Buji, na binciken kammala karatu. Ya karanta su tsaf, ina tsaye ina jiran ya ce in tattara kayana. Sai kawai ya ce gobe tare za mu, yana son ya ga yadda ake auna surutu.

Muna isa, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya dubi Arɗo, shugaban rugar, ya ce, "Shanunka nawa?" Wayyo Allah! Wa ya taɓa jin Bafulatani ya faɗi adadin shanunsa? Arɗo ya murtuke, wani ya gyara riƙon sandarsa. Kawu kuwa da ya ga ba amsa, sai ya juya ya fara ƙirga su da yatsa. Na tabbata ranar a kwance za a mayar da mu Dutse. Na durƙusa na yi ta ba da haƙuri, na ja shi gindin kuka na zaunar, na shige wurin mata. Na sha nono, na taya su sussuka, muka yi ta hira har la'asar. Takardar ma ban buɗe ba, amma duk abin da na zo nema sun gaya mini.

A mota ko kallona bai yi ba har muka hango duwatsun gari. Ni na gama saddaƙarwa daga yau ba ni da kawu. Sai ya yi gyaran murya.

"Kwaɗo dai in ka kwantar da shi ba ya fushi. Naku abin gwajin har sanda gare shi." Ya juyo ya dube ni. "Ki ci gaba, Likita."

Bara da ya rasu, matarsa ta miƙo mini ma'aunin, ta ce ya bar wasiyya ni za a ba. Yana cikin jakata har yau. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya sanyaya masa makwanci, ya saka masa riƙon da ya yi mini da Aljanna.